Ranar da Goran Ilu Ya Tsallaka Layin Dogo

Ilu taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ga taurin kai kamar jakin da ya ga rijiya. A Gagarawa Tasha aka haife shi. Yana saurayi ya yi dakon buhunan gyaɗa a bakin jirgi, da ƙarfi ya fara ja baya sai ya koma wa shanu. Sau ɗaya ya je Kano ya dawo ya ce ba zai ƙara ba, wai mutanen can ba sa amsa sallama da kyau. Abu biyu ya iya a duniya: lallashin sa, da raba abu daidai. Ko rake ka ba shi ya raba wa yara, sai ya tsaya gwada gaɓa da gaɓa har yaran su fara kuka.

Shekara guda bayan an ba mu Jihar Jigawa, mu huɗu muka haɗa hannu muka sayo bijimai biyu a kasuwar Maigatari, da garma da amalanke. Ni Ya'u, da Ilu, da Ɗantala wanda gidansa yake can tsallaken layin dogo, sai Malam Ephraim, ma'aikacin ƙaramar hukuma da aka turo mana daga wajen Filato. Kirista ne, mai fara'a, Hausarsa tana da ɗan gishirin garinsu, kuma shi kaɗai ne mai babur a cikinmu. Ilu ke riƙon shanun a gidansa. Ya sa musu Jatau da Guntu, ni kuwa na ce Guntun sunan mai gidan ya ci.

Damina ta farko saura kaɗan mu yanka su mu raba nama. Ƙasarmu rairayi ce, ruwa ya sauka yau, jibi ta bushe ƙayau. Gero kam da sungumi muke shuka shi, amma gyaɗa da riɗi sai an yi huɗa, huɗa kuwa sai da laima. Kowa safiyar bayan ruwa yake so, ba mai son ranar da ƙasa ta yi tauri. Ni da Ɗantala har kama wuyan riga muka yi a gaban masallaci.

Sai Ilu ya ƙirƙiro gora. Ya tara ƙwallayen aduwa, ya ɗora basilla a wuta ya yi wa na kowane gida nasa tambari, ya raba mana daidai wa daida. Ranar rani da za ka ɗauki amalanke ka kwaso taki ko itace, ƙwallo ɗaya. Safiyar bayan ruwa, ƙwallo uku. Ya rataye wani gora mai ƙaramin baki a zaurensa, ya ce duk wanda ya riga jefa aduwarsa bayan ruwa ya ɗauke, shanu nasa ne a ranar. Sharaɗi ɗaya: da hannunka za ka jefa, ban da aike, don aike shi ke haifar da musu. In aduwarka ta ƙare, sai baɗi.

Wallahi abin ya yi. Ni ya fi yi wa daɗi ma, don katanga ɗaya ce tsakanina da Ilu, ko takalmi ba na sawa.

Malam Ephraim ba shi da gona sai ɗan fili a bayan gida inda matarsa Theresa ke shuka kuɓewa. Aduwarsa tana zaune a gwangwani ba aiki. Sai ya fara bayar da ita haya ga Alhaji Habibullah, wani ɗan kasuwar riɗi na Maigatari mai ƙatuwar gona a gefenmu. Ruwa na ɗaukewa sai ka ji ƙarar babur, Malam Ephraim ya zo ya jefa da hannunsa, shanu su wuce gonar Alhaji. Na je wa Ilu a fusace na ce, “Mu muka sayi shanu, baƙo ke cin laimarmu?”

Ya ce, “Aduwarsa ce. In ya ga dama ya tsotse ta.”

Haka muka yi ta tafiya har shekarar da Ɗantala ya rasu, ana dab da faɗuwar damina. Ya bar matarsa Kande da 'ya'ya mata ƙanana. Kande man gyaɗa take yi da ƙuli-ƙuli, kuma gyaɗar gonarsu ce jarinta kaf. In ba a yi wa gonar nan huɗa ba a kan kari, ba mai, ba ƙuli, ba cefane har wata shekara. Rabon Ɗantala na aduwa yana hannunta, ba wanda ya hana ta. Amma tana takaba, ba ta fita ko ƙofar maƙwabta, balle ta tsallaka dogo ta zo zauren Ilu.

Ruwa mai kyau ya sauka, babur ya riga kowa, shanu suka tafi gonar Alhaji. Wani ya sake sauka, na riga babur, kuma ba na jin kunyar faɗa, nawa 'ya'yan ma ci suke yi. Amma da na wuce ta gefen gonar Ɗantala na ga ciyawa ta fara rufe ta, raina ya ɓaci. Na ce wa Ilu, “Kai bawana, ka ɗauki shanun nan ka kai mata kawai mana! Wa zai yi magana?”

Ya ce, “Yau na karya don Kande, gobe Alhaji ya zo da nasa uzurin, jibi kai. Daga nan gora ya zama na ɗiban ruwa.”

Na ce masa zuciyarsa ƙwallon aduwa ce.

Washegari ya ce in raka shi gaisuwa gidan marigayin. Muka zauna a zaure, Kande ta tsaya daga bayan ƙyaure, goggonta Adda da ke taya ta zama tana tsakaninmu. Bayan an gaisa an yi addu'a, Kande ta ce a hankali, “Yaya Ilu, irin gyaɗata yana nan a tukunya na ɓare. Aduwar kuma ga ta ɗaure a bakin zanena. Kullum hadari ya taso sai in kwance ta in duba, in mayar.” Ilu ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma, ya ce, “To, Kande. Allah ya ba da haƙuri.” Shi ke nan abin da ya ce! A hanya ko kallonsa ban yi ba don haushi.

Kwana biyu bayan nan, da la'asar, gabas ta fara haɗa baƙi. Ina zaune a ƙofar gida ina murna, sai ga Ilu ya fito da gora a hammata. Ya bi ta gaban masallaci, ya bi ta wajen masu shayi, ya tsaya ƙofar Malam Ephraim ya yi sallama, duk wanda ya gani sai ya ce masa, “A shaida, gora ya tashi, ya koma zauren Ɗantala.” Na bi shi ina ihu, “Wa ya ba ka izini? Ina aka taɓa yin haka?”

Ya juyo ya ce, “Na ce da hannunka za ka jefa. Yaushe na ce a zaurena?”

Kai! Sai na zage shi da gajarta.

Da asuba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ana sallame salla ya ɗauke, na tattare riga na zuba a guje. Rabona da gudu irin wannan tun ina yaro. Ina tsallaka dogo na ji babur a bayana, ya kafe a jiƙaƙƙen rairayi, Malam Ephraim ya sauko yana turawa yana haki. Tare muka isa, kowa da aduwarsa a dunƙule a hannu, ni da maganganu cike da baki.

Sai muka tarar da Ilu zaune a tabarma a ƙofar zauren, Adda a gefe da carbi, Jatau da Guntu ɗaure a gindin darbejiya, an riga an ɗora musu karkiya. Gidan takaba ne. Wa ya isa ya ɗaga murya a nan? Dole muka tuɓe takalma muka durƙusa. “Ya ƙarin haƙuri?” “Haƙuri sai ma'aiki.” “Allah ya jiƙansa.” Malam Ephraim ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Duk masifar da na kwaso daga gida dole na haɗiye ta.

Ilu ya miƙe ya sauko da goran, ya girgiza shi kusa da kunnuwanmu. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya ce, “Na Ɗantala ne, Kande da hannunta ta jefa, Adda shaida ce.”

Malam Ephraim ya kwashe da dariya, ya yi sauri ya toshe baki don ya tuna inda yake. Ya ce, “Baba Ilu, ka cece ni. Theresa ta daina yi mini magana tunda kwalbar man gyaɗarta ta ƙare, ta ce ni na kashe gonar Kande. Amma me zan gaya wa Alhaji?”

Ilu ya ce, “Ka gaya masa daga yau aduwar haya tana bin bayan ta masu shanu. In ba mai so a cikinmu, nasa ne. Kun yarda?” Muka ce mun yarda, a durƙushe, ina muka ga ta musu? Sai ya dube mu sama da ƙasa ya ce, “Tunda Allah ya kawo ku da sassafe, ga mai riƙon garma, ga mai jan igiya. Ni bayana ke ciwo.”

Ƙarya yake, ba abin da ya sami bayansa! Ashe ɗan banzan nan da mu ya yi lissafi tun farko. Haka na kama garma, ma'aikacin gwamnati ya naɗe wando ya kama igiya, Guntu ya taka masa ƙafa ya yi ta kiran sunan Yesu, Ilu yana zaune a inuwa yana gaya mana kunyarmu ta karkace. Kafin azahar mun gama, Adda da 'yan matan suka bi bayanmu da iri. A ranar na yi fushi, na gaji, kuma na yi farin cikin da ban san inda zan sa shi ba.

Gyaɗar ta yi. Da kaka Kande ta aiko wa kowannenmu kwalbar mai da ƙuli, na Theresa ya fi girma. Daga shekarar nan gora bai ƙara zama wuri ɗaya ba, kowace damina sai a kai shi gidan wanda ya fi rauni a cikinmu. Shekarar da matata ta kwanta ya zo nawa. Gidan Ilu kaɗai ya hana a kai, wai mai riƙon shanu ba ya riƙon gora, don kada a ce ya yi son kai.

Ana nan, wajen ƙarshen shekarun casa'in, kurkunu ya fito masa a ƙafa daidai faɗuwar ruwa. Ko ƙofar gida ba ya iya zuwa, gora kuma yana wajen Kande a lokacin. Bai ce wa kowa komai ba, girman kai ba zai bar shi ba. Ina zaune wajensa da yamma ina tsokanarsa, hadari yana haɗuwa, sai muka ji sallama. Kande ce, ta tsallako dogo da gora a ka kamar mai tallar fura. Ta shigo zauren ta lalubi tsohuwar ƙusar nan ta rataye shi.

Ilu ya yunƙura ya ce, “Kande, mayar da shi! Ba a kawo shi nan.”

Ta ce, “Yaya Ilu, ka ce da hannu za a jefa. Yaushe ka ce ban da zaurenka?”

Ya juya fuska bango, ya ce wai hayaƙin murhu ne ya shiga masa ido, alhali ko wuta ba a hura ba a gidan. Na cusa masa aduwarsa a tafin hannu, na tashi na je in gaya wa Malam Ephraim ya nemo tsohon wandonsa, gobe gonar Ilu za mu huɗa.