Ɗaɗɗoyar Gindin Randa

Jiya da dare na yi wani mafarki, Yaya Rabi, har yanzu jikina a mace yake. Kin san shekara uku ke nan ina jinyar Inna, tarin nan nata ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Kullum da safe sai na tsinko ganyen ɗaɗɗoyar da ta shuka a gindin randa, in dafa da citta, ta sha, ta yi sirace. Na gaji, wallahi. Ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Na gan ni a tsakar gidanmu, amma babu katanga. Ɗaɗɗoya ce ko'ina iya ganina, ta kai mini ƙugu, duk ta fara fure. Inna ce ta koya mini cewa da zarar kan ya fara fure a tsinke shi, in ba haka ba sai ta zuba iri, ganye ya tsaya, ta bushe. Sai na hau tsinka. In cire ɗaya, uku su fito. Farcena ya yi kore, bayana kamar zai ɓalle.

Sai kawai ga ni a tashar mota, tukunyar magani a kaina tana tafasa, ba ta ƙona ni. Ina ta tambaya, "Ina motar gida?" Ko kallona ba a yi.

Sai kawai na koma cikin ganyen. Ga Inna zaune a tabarma da ƙibarta ta da, babu tari ko ɗaya. Ta riƙe mini hannu.

"Ke Hadiza, ba kya gajiya ne? Bar ta ta yi furenta."

Na ce, "Inna, ai bushewa za ta yi."

Abin da ya fi damuna shi ne daɗin da na ji. Na zauna na miƙe ƙafa, na saki ajiyar zuciya, wani hutu da na manta ɗanɗanonsa.

Tarinta ne ya tashe ni gab da asuba. Na tallafe ta, na ba ta ruwa, na kasa haɗa ido da ita. Da gari ya waye na je gindin randa, na tarar kai biyu sun yi fure. Na kai hannu, na kasa tsinkewa.

Don Allah Yaya, faɗa mini gaskiya. Inna ce take roƙo in sake ta ta huta, ko ni ce nake fatan haka, na sa maganar a bakinta?