Mutumin da Bai Taɓa Ganin Farkon Silima Ba

In ka shiga kasuwar Cadawa ta wajen 'yan tumaki, ka wuce masu igiya, za ka ga wani dogon mutum zaune a kan buzu yana ɗinka guga da tsohuwar robar tayar mota. Sunansa na yanka Maharazu. Amma in ka tambayi Maharazu, mutum uku za a nuna maka, ɗaya ma ya rasu bara. Ka ce Silima kake nema, ko makaho ya kai ka.

A Garin Magaji aka haife shi, wani ƙauye arewa da Cadawa. Bai yi lakol ba, wato makarantar boko. Ranar da aka zo ɗaukar yara, uwarsa ta jefa shi cikin rumbu ta rufe, kuma har yau yakan ce karatun da ya yi a rumbun nan shi yake ci. Ya tashi manomi kamar ubansa. Da ya isa aure, ya ga Batulu, ɗiyar Malam Nomau na wajen Gazawa, tana tallar ƙuli-ƙuli ranar kasuwa. Bai ce mata komai ba. Ƙuli ya dinga saye, kasuwa bayan kasuwa, har haƙoransa suka fara girgiɗi, sannan manya suka gane suka shiga maganar.

Zamansu irin na mutanenmu ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ya kallonta a gaban jama'a. In ta kawo masa fura gona sai ta ajiye, ta yi ɗan tari, ta juya. Shi ma sai ya yi gyaran murya. Da tarin nan da gyaran muryar nan suka yi shekara guda lafiya lau.

Sai fari ya zo. Na farkon nake nufi, ba wannan da muke ciki ba. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake iska ta binne. Shanun Fulani suka dinga faɗuwa a bakin hanya, har angulu ta fara zaɓe. Maharazu ya bar Batulu wurin uwarsa, ya ce zai taɓa ci-rani Maraɗi, kafin ruwan farko ya faɗi yana gida.

A Maraɗi ya zama ɗan ga-ruwa: sanda a kafaɗa, garwa gaba, garwa baya. Abin da yake samu bai wuce na cikinsa ba. To, a unguwar da yake kwana akwai gidan silima, mai dogon bango, sama a buɗe. Kuɗin tike kam babu. Amma akwai al'adar mai tsaron ƙofa: in wasa ya kusa ƙarewa sai ya buɗe ƙyauren tun da wuri don kada a turmushe shi wajen fita. Su Maharazu da ke rakuɓe a waje sai su kwarara ciki, su tsaya a baya, su kalli abin da ya saura.

Haka ya ga silimar Indiya ba iyaka, tsofaffi, masu fari da baƙi da masu kala, amma ko ɗaya bai taɓa ganin farkonta ba. Bai jin yaren. Abin da ya sani kawai shi ne abin da idonsa ya gani, kuma kusan kullum iri ɗaya ne. Wani mutum da ya daɗe ba ya nan ya dawo da gemu, ya hau kan tudu, ya buɗe hannuwa, ya fasa waƙa. Matar tana can ɗauke da tulu, ta ji muryarsa, ta saki tulun ya fashe, ta sheƙo da gudu. Ya miƙa mata fure. Uban yarinyar, mai ƙaton gashin baki, ya yi kuka, ya haɗa hannuwansu. Wani lokaci har da ruwan sama, kuma a nan ne 'yan baya suke yin tsit, don duk manoma ne, ba wanda ke kallon yarinyar.

Daga nan Maharazu ya fitar da iliminsa. Ashe daɗewar miji ba laifi ba ce, taki ce ga soyayya. Yadda ka daɗe, haka gudun matar zai yi ƙarfi. Damina ta zo bai koma ba. Da ma kunyar komawa hannu rabbana tana damunsa, sai ga silima ta ba shi hujja. Ya bar gemu.

Ana nan sai ga Mudi, taubashinsa, ya zo Maraɗi sayar da fatun awakinsa da suka mutu. Ya tarar da shi bakin famfo.

"Kai, bawana! Wanga gemu fa? Malanta ka shiga ko kuɗin aski ne babu?"

"Ba ka ganewa, baƙauye. Ina Batulu?"

"Au, ka san sunanta? Tana gidan ubanta tun kaka. Tsohuwarka ta kasa ci da baki biyu. Kuma Malam Nomau ya yi rantsuwa, Juma'ar sama za shi gaban liman a raba auren. Ya ce bai ba da ɗiyarsa ga iska ba."

Allah ya sani, Maharazu yana son matarsa. Amma da ya yi ɗan tunani sai ya ga ai daidai ne. Uba mai fushi shi ma yana cikin tsarin. An zo ƙarshe ke nan, wurin da ya fi kowa sani. Ya sayar da garwayensa da sandar, ya auni garin rogo ya ƙulle a buhu, suka hau bayan kamyo, babbar motar kaya.

Mudi yana da ƙanwar uwa a garin su Batulu, can suka sauka. Maharazu ya tura buhun ƙarƙashin gado. Da hantsi ya tambayi inda mata ke ɗibar ruwa.

Rijiyar tana cikin kwari, ga jigawa a gefenta, kamar an yi don shi. Ruwan ya yi nisa, sai mata sun haɗa igiya da igiya, su jira ya taru, su kwaso rabin guga da laka. Ya hau jigawar. Ya hango Batulu, ta rame, an ɗora mata tulu a ka. Ya buɗe hannuwa iyakar buɗewa, ya ɗaga gemu sama, ya fasa waƙa. Ba Indiyanci ba ce, ba Hausa ba ce, abin da kunnensa ya tsinto ne daga bayan silima, ya haɗa da sunanta a tsakiya.

Mata suka daskare. Wata tsohuwa ta ce, "Innalillahi. Yunwa ta taɓa wani kuma."

Wata ta ce, "Ba yunwa ba ce, Iya, mutanen ɓoye ne. Ji yarensu!"

"To wace Batulu yake kira?"

Batulu ta dube shi sau ɗaya. Ta gane shi. Ta sa hannu biyu ta ƙara riƙe tulun, ta bi ta ɗaya hanyar, a hankali, kada ko ɗigo ya zuba.

Ya tsaya da hannuwa a buɗe har suka yi tsami. Tsohuwar ta hawo jigawar da kyar, ta tofa masa addu'a a ka, ta ba shi ruwa a ludayi. Ya sha, don ƙishirwa ce ta gaske, amma kansa ya ɗaure. A ina ya yi kuskure? Tudun ne bai kai ba? Ko iska ce ta kwashe waƙar?

"Fure," ya ce wa Mudi. "Furen na manta."

"Fure a shekarar ga? Ko ganye ka gani?"

Ya yini yana yawo a daji. An sassabe itatuwa an ba dabbobi, mata sun tsige duk abin da ke dafuwa. Abu guda ne ya yi shar, ya yi fure fari da shuɗi-shuɗi, kamar bai san ana fari ba: tumfafiya, wadda ko akuya ke wucewa. Ya tsinko da yawa, ya ɗaure da zaren rigarsa, ya je ya saƙale a dangar gidan Malam Nomau, daidai inda Batulu ke daka.

Inna Dija, uwar Batulu, ita ta fara gani. Ihun da ta yi har maƙwabta suka fito da taɓare. Tumfafiya, a ɗaure da zare, zaren ma daga jikin tufar namiji, a dangar matar da ake shirin raba aurenta! Wa zai ce ba sammu ba ne? Aka ɗauke ta da sanda, aka ƙona, aka binne tokar a bayan gari. Aka yi wa Batulu hayaƙi har ta yi ta tari. Malam Nomau ya ce da can rashin ciyarwa kawai zai faɗa wa liman, yanzu ƙara ta zama biyu.

Ana gobe Juma'a, da la'asar, Maharazu ya zagaya bayan gidan ya tsuguna jikin danga. Ta tsakanin kara yana ganin Batulu tana sauya wa dilo ruwa. 'Ya'yan anza ke nan, masu ɗaci kamar maɗaci, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Ya yi gyaran murya.

Ba ta juyo ba ta ce, "In wata waƙar ce, Baba na ciki da sanda."

"Ba waƙa ba ce. Tambaya ce. Don mi ba ki sheƙo ba?"

"In sheƙo ina?"

"Wurina. Haka ake yi."

"Wa ke yi?"

Sai ya kwashe duka ya faɗa mata: bango mai motsi, mutanen Indiya, mai gemu a kan tudu, tulun da ke fashewa, furen, uban da ke kuka. Yana faɗi yana jin maganar tana yin wani iri a bakinsa, kamar ba ita ce wadda ya gani ba. Batulu ta tsaya da ƙwarya a hannu.

"Ta fasa tulun? Da ruwan a ciki?"

"Da ruwan."

"Allah ya shirye ta. To ita matar, duk daɗewar da ya yi, mi take ci?"

Maharazu ya bi silimomin nan ɗaya bayan ɗaya a cikin kansa, bai tuna ya ga ko tukunya a kan wuta ba.

"Ban sani ba," ya ce. "Ƙila a farko ake nunawa. Ni ban taɓa ganin farkon ba."

"Hm. Ni kuwa farkon na gani. Shi mai gemun, bai kawo mata komai ba sai ciyawa?"

"Ni ai na kawo garin rogo. Yana ƙarƙashin gadon innar Mudi."

Yanzu kam ta juyo. "Tun yaushe?"

"Tun ranar da na zo. Na ga ba a yin haka da buhu ne, shi ya sa..."

Bai ga lokacin da ta ɗauki muciya ba, sai dai ya ji saukarta ta saman danga. Har yau akwai alamar a goshinsa, kuma in ka tambaye shi zai ce maka wannan ce magana mafi tsawo da suka taɓa yi da matarsa tun aurensu.

Bayan an sauko daga Juma'a aka zauna a zauren liman. Maharazu ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, buhun a gabansa, goshi a kumbure. Yana ta satar kallon Malam Nomau ko zai ga alamar hawaye. Babu. Tsohon ya yi bayani tiryan-tiryan, ya ƙare da tumfafiya.

Liman ya ce, "Maharazu, wane boka ya ba ka?"

"Allah gafarta Malam, ba boka. Kyauta ce."

"Kyautar tumfafiya? A yi mi da ita?"

"A... riƙe. A sansana."

Mudi ya fita waje da gudu, aka ji shi yana tari. Liman ya shafa gemu ya ce shi dai a littattafan da ya karanta bai ga hukuncin wannan ba, amma wauta ba sihiri ba ce, rashin ciyarwa kuwa gaskiya ne, don haka magana tana hannun yarinya. Aka kira Batulu ta tsaya bayan zana.

"Kina son a raba?" in ji liman.



"A bar buhun nan," ta ce. "Shi ya koma gonarsa. In ruwa ya sauka ya yi shuka. In na ji hatsi ya rufe gwiwa, na san hanya. Kada ya zo biko, kada ya aiko. Kuma ya aske abin nan."

"To an raba ke nan ko ba a raba ba?" Maharazu ya tambayi Mudi a hanya.

"Ni ma ban gane ba, bawana. Amma an cinye maka gari."

Ya koma Garin Magaji. Ya yi aron iri, ya yi shuka, ba shi da tabbacin ko mai aure ne shi ko gwauro. Allah ya sa daminar ta yi kyau. Kullum sai ya shiga cikin hatsin ya gwada da ƙafarsa, sai kuma ya rikice: gwiwarsa ta ce ko tata? Shi dogo, ita gajera. Hatsi ya wuce tata, ba ta zo ba. Ya wuce tasa, ba ta zo ba. Ya kai masa ƙugu. Ya daina duba hanya.

Wata rana yana duƙe yana maimai, rana ta take, sai ya ji ɗan tari a bayansa. Ya ɗago. Ga ƙwaryar fura a gindin gawo, an rufe da faifai, ga Batulu har ta juya ta kama hanyar gida.

Ya yar da hauyar ya bi ta, yana tuntuɓe da kunyoyin gona.

"Tsaya mana! Don Allah faɗa mini, mi ya dawo da ke? Waƙar ce, ko garin, ko hatsin?"

Ba ta tsaya ba. "Wa ya fasa mini babbar tukunya?"

"Akuyar maƙwabta. Amma mi ya..."

"Babu itace a gidan, ko sili. In ka tashi ka biyo da shi."

Ya tsaya a tsakiyar gona yana kallon bayanta har ta shige cikin hatsi. Sannan ya koma gindin gawo, ya zauna, ya buɗe faifan, ya sha furarsa.