Yatsa Ɗaya a Idon Taru

Shekaru kaɗan bayan an ba mu Jihar Kebbi, ina koyar da lissafi a wata sakandare a Yelwa, aka turo mana malamin zane. Ɗaki ɗaya aka haɗa mu a gidajen malamai, don haka na san shi fiye da yadda na so. Mutum ne mai fara'a, ba ya wasa da salla, abincinsa na kowa ne. Duk da haka ban taɓa sakin jiki da shi ba. Ni ɗan masunta ne, a gidanmu kuwa baƙon da ya cika yaba kayanka bin sa ake yi da ido har ya tafi.

Zanensa ne ya fara ɗaure mini kai. Ya zana mai gadin makarantar, sai ga ido ɗaya a goshi, ɗaya kusa da kunne, hanci ya nufi gabas, baki ya nufi yamma. Mai gadin ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwarsa. Da na tsokane shi na ce ko fensirinsa ya sha wani abu ne, sai ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ya ce a ƙasashen Turai masu zane sun daɗe da gajiya da kwafar abin da ido ke gani. Wasu suka farfasa fuska gutsi-gutsi, wasu suka karkata gidaje suka ja inuwa ta yi tsawo don a ji tsoro, wasu suka riƙa zana mafarki. Ya ce daga wurinsu masu fim suka koyi karkata kyamara, da cika allo da abu ɗaya tak, hannu ko ƙofa, a bar mai kallo ya ƙarasa sauran a ransa. Na ce ni dai a gidan kallon da ke bayan tasha, jarumi da fuskarsa cikakkiya nake ganinsa, kuma ban taɓa jin wani ya nemi a mayar masa da kuɗin shiga ba. Ya yi dariya, ya ce in jira.

Ashe abin da zan jira kyamarar bidiyo ce, ya aro ta wurin wani mai ɗaukar biki. Ya ce yana son ya yi ɗan gajeren fim a bakin ruwa, in kai shi tungarmu da ke gaba da Wara. Wata biyu ina yi masa hanya-hanya. Daga baya na yarda, kuma gaskiyar magana son a gan ni da mai kyamara ne ya ja ni.

A lokacin ana ta raɗe-raɗin cewa ma'aikatan kifi na sabuwar jiha za su zagaya su kwashe duk taru mai ƙananan idanu, wai yana kame 'ya'yan kifi. Mu da yatsa muke auna idon taru. In yatsu uku suka shiga, babban ido ne, ba mai yi maka magana. In ɗaya ne kawai ya shiga, shi ne wanda ake cewa za a ƙwace. Babban tarun Baba yatsa ɗaya ne, kuma shi ke ciyar da gidanmu gaba ɗaya. Ban faɗa wa malamin zane wannan ba, domin ban ga dalilin da zai sa ya sani ba.

Muna sauka daga kwalekwale ya kafa kyamarar a kan ƙafafunta uku. Na ga dattawa sun dubi juna. Rabonsu da ganin abu mai ƙafa uku da ake leƙawa tun masu awon ƙasa da suka zo kafin ruwan dam ya cinye tsohon garinmu. Duk da haka Baba ya shiga ya sako rigarsa ta Juma'a, ya zo ya tsaya ƙiƙam yana jiran a ɗauke shi.

Malamin zane bai ko kalli rigar ba. Ya cire kyamarar, ya kwanta a yashi, ya karkata ta har ruwa ya zama kamar zai zube gefe guda. Ya ɗauki inuwar filafilin tuƙa kwalekwale. Ya ɗauki ƙafar wata akuya. Sannan ya hangi tarun Baba a shanye, rana tana ratsa shi, ya tafi can ya daɗe yana yabawa.

"Baba, don Allah ɗan sa yatsanka a nan," in ji shi.

Baba ya sa, domin ba a ƙi wa baƙo ƙaramin abu. Yatsan ya shiga da ƙyar. Mutumin ya matso da kyamarar har ta kusa taɓa zaren, ya riƙe ta a nan ba ya ko numfashi.

Bayan an ci tuwo, baƙon ya tafi kallon matan da ke bandar kifi, ya bar kyamarar a hannuna. Baba ya ja ni bayan wani kwalekwale da aka kife, ya ce in nuna masa. Na mayar da kaset ɗin baya, ya kafa ido a 'yar tagar da ake leƙawa a jikin kyamarar. Ba riga, ba fuska, ba tunga. Idon taru ne ya cika ko'ina, da yatsa ɗaya a tsakiya.

"Wanda yaz zo ɗaukar mutum, huska yaka nema," in ji Baba. "Wanga ya bar huskata, ya ɗauki awon taruna."

Na soma yi masa bayanin masu zanen Turai da masu fim. A bakin malamin zane maganar tana da daɗi, a bakina kuwa ni kaina na ji ta kamar ƙarya. Na ce to bari in goge wurin.

"In ka goge kaset, idonai da yag gani fa?" in ji Baba. "Ban tambaye ka Turawa ba. Kai kak kawo shi, ɗaki guda kuka kwana. Ka yarda da shi? In ka ce ka yarda, in bar taruna inda yake."

Na san malamin zane bai taɓa yi mini ƙarya ba. Amma na tuna yana da ɗan'uwa a sakatariya a Birnin Kebbi, na tuna a hanya ya tambaye ni wane irin kifi tarun Baba ke kamawa.

"Ban sani ba, Baba," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya koma ya raka baƙonsa har bakin ruwa, ya ba shi bandar kifi ya kai gida.

Inna ce ta aiko mini da labari bayan mako guda. Baba ya sa wuƙa ya yanyanka tarun da hannunsa, domin kada a zo a ƙwace a gaban jama'a a kuma tafi da shi kansa. An yi wa kaji shinge da wani ɓangare, an rufe shanyar kifi da sauran.

Malamin zane ya nuna mana fim ɗinsa a ofishin malamai. Ya yi kyau, dole in faɗa, kuma kyan nasa ya ba ni haushi ƙwarai. Ban gaya masa komai ba har aka yi masa canjin makaranta.

Da hutu ya zo na je gida. Na tarar da Baba a bakin ruwa da hantsi, yana cikin layin masu jan igiyar tarun wani, shi da furfurarsa, yana jiran a raba a ba shi kason mai ja. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na matsa kusa da shi.

"Baba, wata biyar ke nan, ma'aikatan kifi ba su zo ba."

"Ba su zo ba tukuna," in ji shi, bai saki igiyar ba.

Na buɗe baki in ce masa ba za su zo ba, mutumin nan zane kawai ya sani. Sai na ga har a ranar ba zan iya rantsewa ba. Na tuɓe takalmina na kama igiyar a bayansa.