Sandar Njidda Magini

Yayana Njidda magini ne, kuma duk unguwarmu ta Brik babu wanda bai san sandarsa ba. Gora ce da ta yi baƙi saboda riƙo, mahaifinmu ya zo da ita daga Garwa. Tsawonta faɗin makara ne, a haɗa da kafaɗun mutum biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Duk bangon da Hamma Njidda, kamar yadda muke kiransa, zai tayar a gefen lungu, sai ya gindaya sandar nan a ƙasa kafin ya ja igiya. In ta kwanta, bismillah. In ba ta kwanta ba, ko duniya za ka ba shi ba zai aza bulo ɗaya ba. Masu soya, wato masu tsire na bakin titi, suna kiransa injiniyan lahira. Yakan ce musu, "Ku yi ta dariya, ta nan za a fitar da ku."

Ni Karimatu ƙanwarsa ce, amma ba zan wanke shi tas ba. Zuciya gare shi kamar kuturu. Ya taɓa fasa wa wani lebura baki da cokalin gini don ya rage siminti a kwaɓi, haƙora biyu suka zube, aka kwana uku ana sulhu a komisariya wurin 'yan sanda. Sai dai aiki kam, a bar masa. Shekara talatin yana cike gurbi a unguwar nan. Kango tsakanin gida biyu, bola, bayan wani shago inda akuya ma ba ta iya juyawa, sai ka dawo bayan wata uku ka tarar da ɗakuna biyu da butik, wato kanti, a gaba. Yana son wannan aiki har ransa. Yana cewa unguwa kamar baki ce, in an bar giɓi ƙazanta ke maƙalewa.

Akwai irin wannan giɓi a bakin lungunmu. Kango ne da aka mayar da shi juji, ɓeraye kamar kyanwoyi, 'yan shaye-shaye kuma sun mai da shi gidan ubansu. Bayansa gida bakwai ne, har da namu, kuma hanyar fitarmu ɗaya ce tak, wadda ta bi ta gefen kangon ta yi kwana kafin titi. Da muka ji Alhaji Mohaman Bello, mai atamfa a kasuwar Mokolo, ya sayi wurin zai yi butik huɗu a ƙasa da ɗakunan haya a sama, wallahi guɗa na yi. Wa zai ƙi? Ga haske, ga mai sayar da sabulu a ƙofar gida. Hamma aka ba aikin.

A lokacin mahaifiyarmu, Dada Hawwa, ta shekara biyu a kwance. Ba ta tsoron mutuwa, tana ma yi mata magana kamar baƙuwar da ta yi latti. Abu ɗaya take tsoro. Ƙawarta Saliha ta rasu a unguwar Madagaskar, a wani gida da gine-gine suka toshe, makara ta kasa shiga. Aka naɗe Saliha a tabarma aka miƙa ta ta kan katanga, Dada tana tsaye tana kallo, har ƙafar gawar ta leƙo. Tun daga ranar take riƙe hannun Hamma tana cewa, "Njidda, kada a miƙa ni ta katanga kamar buhun masara."

"Ina raye, Dada? Sai dai in ba ni."

Ranar jan igiya ya gindaya sandarsa, Alhaji ya duba ya ga butik na huɗu ya tsuke. Ya ce a matso da bango taku biyu cikin lungu. Hamma ya ce a'a. Alhaji ya ce takardarsa ta ba shi har nan. Hamma ya ce masa takarda ba ta ɗaukar gawa, ya ƙara da wata magana a kan uban Alhaji da ba zan maimaita ba. Kafin azahar an sallame shi. Washegari aka kawo wasu magina daga unguwar Messa. Ba laifinsu, abin da aka zana musu suka gina. Suka bar wa lungu katran-ven santimet, wato santimita tamanin, suka ce ai mutum yana wucewa, moto, wato babur, ma tana wucewa. Cikin kwana huɗu bango ya wuce kai.

Hamma ya kai ƙara wurin dattawan masallaci. Suka zo, mutum biyar, da manyan riguna, suka ce magana ba ta da wuya, a gwada. Aka ɗauko makara daga masallaci. Mutum biyu suka riƙe ta, ɗaya gaba ɗaya baya, da suka iso kwanar suka karkata ta a gefe ɗaya, ta shige sumul. Dattawa suka ce alhamdulillahi, ga shi ta wuce.

"Babu kowa a ciki!" Hamma ya daka tsawa. "Ku tsofaffin banza, in da mutum a ciki haka za ku kifar da shi?"

Kalmar tsofaffin banza kawai suka ji. Suka kakkaɓe riguna suka tafi. Ya Allah! Da wani mai sanyin baki ne ya faɗi wannan gaskiya, da an tsaya an duba. Har yau ina jin haushinsa a kan wannan, kuma ina jin haushinsu fiye da nasa.

Bayan mako shida Dada ta cika, ranar Talata da hantsi. Ni da matarsa Rahmatu muka yi mata wanka muka sa ta a likkafani. Makara ta shigo a karkace kamar yadda aka gwada. Aka ɗora Dada, maza huɗu suka ɗauka, Hamma na gaba a dama. Ina leƙe ta ƙofar gida. Suka isa kwana, ƙaf, makara ta cije. Suka ja baya, suka sake, ta cije. Suka sauke daga kafaɗa suka riƙe da hannu, ta cije. Sai na ji wani yana cewa a hankali, "A kawo tabarma, a bi ta katangar maƙwabta, su Idris."

Hamma ya sa aka ajiye Dada a ƙasa, ya shigo gida ya wuce ni kamar bai san ni ba, ya fito da babbar gudumarsa.

Bugu uku ya yi wa bangon kafin 'yan gadin Alhaji su zagayo. Ƙarti uku ne, 'yan dako daga Mokolo, kowa da guntun rodi. Na farko ya zabga masa a baya. Hamma ya juyo ya sa masa ƙotar guduma a baki, ƙaton ya faɗi yana tofar da jini. Na biyu ya same shi a kafaɗar hagu, na ji ƙarar ƙashi daga inda nake tsaye. Lungun ya matse, masu jana'iza sun kasa shiga tsakani, ga gawa a ƙasa, kowa na tsoron ya taka ta. Ban san lokacin da na ɗauko taɓarya ba. Na fita ba mayafi, na maka wa na biyun a gwiwa, ya durƙusa yana kiran uwarsa. Ban yi nadama ba, ko yau aka sake zan maka masa.

Na ukun ne ya cuce mu. Ya zo ta baya ya sauke rodi a tsakiyar kan Hamma. Jini ya yi tsartuwa har kan likkafanin Dada. Hamma ya dafa bango, ya tsaya, ya sake ɗaga guduma da hannu ɗaya. Lokacin ne masu soya suka iso da wuƙaƙensu a zare, su da suke masa dariya kullum. Ba su sari kowa ba. Tsayawa kawai suka yi, ƙartin suka ja 'yan'uwansu suka fice. Haman mai kilishi ya ce, "Kawo, Njidda, ka huta." Hamma ya ƙi ba shi. Yana bugu jini yana rufe masa ido, yana sharewa da kafaɗa, har kusurwar butik na huɗu ta zube.

Ya ce a miƙo masa sandarsa. Ya gindaya ta a kan ɓaraguzan, ta kwanta. "Ku ɗauke ta," ya ce. "A kafaɗa."

Haka Dada ta fita, a kafaɗun maza huɗu, a miƙe. Shi bai iya ɗauka ba. Ya bi su har bakin titi, ya zauna a kan bencin masu soya ya ce bari ya ɗan numfasa. Daga nan bai sake tashi ba. Ranar Alhamis ya rasu a opital, wato asibiti.

Butik ɗin suna nan, sun buɗe. Ina sayen sabulu a na biyu, kuma gaskiya unguwa ta yi kyau, ɓerayen ma sun tafi. Na huɗun siriri ne, mai gyaran waya ke ciki, don da Alhaji ya zo gyara bangon dattawan nan biyar ne suka aiko aka karɓi sandar a hannuna, suka tsaya a kansa. Sun makara, kuma na faɗa musu a gaban jama'a.

Ranar Juma'a aka fitar da Hamma daga gida. Mata ba sa bin gawa, amma na bi shi har kwanar, don ina so in gani da idona. Haman na gaba a dama, a inda Hamma ya tsaya ranar Talata. Suka juya da shi ba tare da sun rage tafiya ba, kafaɗar kowa ba ta taɓa bango ba. Na duba da kyau, akwai ragowar yatsa huɗu kowane gefe.