Ƙamshin Rabi a Bututun Injin Sanyi

Jama'a, wallahi tallahi abin da zan ba ku ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. A shekarun saba'in ne, ba a daɗe da daina kashe fam da sule ba, ina aikin duba injinan sanyi a wani gidan ajiye nama da kifi da ke Gyaɗi-Gyaɗi, ina zaune a Tarauni, kullum a keke nake zuwa.

Aikinmu shi ne neman inda gas yake yoyo. Shi gas ɗin nan ba ya wari, ba a ganinsa, sai dai ka kaɗa ruwan sabulu ka bi mahaɗar bututu kana shafawa, inda kumfa ta kumbura to nan ɓarnar take. Ni kuwa mutum ne mai taurin kai, ko labarin aljanu aka kawo dariya nake yi.

A shekarar ne matata Rabi ta rasu wajen haihuwa, ita da abin cikin. Tana da wata humra da take haɗawa da hannunta, har da ɓawon lemo take sakawa, ina tsokanarta cewa ta mayar da ɗakinmu rumfar mai lemo. Bayan sadakar arba'in 'yan'uwanta suka kwashe kayanta tas, ko ɗankwali ba su bar mini ba, ni kuma kunya ta hana ni roƙo.

Wata rana da bazara, bayan azahar, babban injin ya ƙi sanyi, nama ya fara saki. Na shiga bayansa na durƙusa ina shafa sabulu, can sai ga kumfa ta taso a jikin wani noti. Tana fashewa, innalillahi! Humrar Rabi ce ta bugi hancina, har da lemon nan. Na ƙara shafawa, wata ta taso ta fashe, ƙamshin ya dawo sabo fil, kamar yanzu ta gifta ta bayana.

Na ce ko kaina ne ya taɓu. Sai ga abokin aikina Malam Garba, wanda bai taɓa taka gidana ba, ya leƙo yana jan hanci.

"Kai, wace mata ce ta shigo nan?"

Na nuna masa notin. Ya dubi fuskata, ya dubi kumfar, ya ja da baya yana a'uziyya.

To ga sifanar ɗaure noti a hannuna, juyi ɗaya ya isa. In na ɗaure, ƙamshin ya tafi, in na bari, gas ya ƙare, naman mutane ya ruɓe. Ina jin Alhaji mai wurin daga waje yana cewa, "Malam, an samu kuwa? Kayan mahauta ne fa a ciki!" Ni kuma ina durƙushe ina shafawa ina shaƙa, hawaye na zuba, ina cewa a raina bari ɗaya ta ƙara fashewa, ɗaya kawai.

Malam Garba ya dafa kafaɗata. "Ka yi mata addu'a, ka ɗaure."

Na karanta mata ƙulhuwallahu, na ja numfashi iya ƙarfina, na murɗa notin. Na sake shafa sabulu, shiru. Injin ya ɗauki sanyi, Alhaji yana ta sa mini albarka, ni kuwa ji nake kamar ranar na dawo daga maƙabarta.

Na tambayi malamai, wani ya ce aljana ce, wani ya ce in bar wa Allah saninsa. Na yi shekaru ina wannan aiki, kuma ba zan ɓoye muku ba, ban ƙara ganin kumfa ta taso ban kai hancina ba. Ƙamshin bai dawo ba.

Shawarata, in naku ya rasu aka zo kwashe kaya, ku ajiye kunya ku roƙi ko da ɗankwali ɗaya ne.