Ragowar Shinkafar Inna

Tun da ɗan Yayana ya tafi karatu ƙasar Turawa ya turo masa bidiyon wata ƙatuwar dabba mai gashi buzu-buzu, wadda Larabawa ke ce wa dubbu, muka shiga uku a gidanmu. Yaya, direban tasi da bai taɓa wuce Jidda ba, ya wayi gari malamin dubbu. Ya san wadda ake yi wa ihu, ya san wadda ake kwanta mata kamar gawa. Abin da ya ƙi yarda ya sani shi ne, duk faɗin ƙasar nan babu dubbu ko ta rantsuwa.

Da a falo kawai yake wa'azinsa, da abin ya zo da sauƙi. To, shi ke da mota. Da sanyi ya shigo, shi ke kwasarmu daga unguwarmu ta Ƙurban zuwa duwatsun hanyar garin Yanbu, mu shimfiɗa darduma mu yini, abin da ake kira kashta a nan. Mu dai shan iska muke zuwa. Ga Inna, mahaifiyarmu, fitar nan ce kaɗai ta rage mata. Gwiwoyinta sun ƙi, daga ɗaki sai Harami a kan keken marasa lafiya, shi ma ba kullum ba. A gindin dutsen nan take ganin ƙaya da ciyawa irin na ƙauyen da ta baro a Sudan, har fuskarta ta saki.

Inna kuma ba ta yarda a zuba abinci a shara. Ni'ima ce, in ji ta, mai wulaƙanta ta zai neme ta. A gida tattabaru ke cin ragowa, a daji kuwa sai ta sa a juye a kan dutse don bayin Allah na daji. Nan suka saɓa da Yaya.

Ranar da abin ya faru, muna sauka daga mota ya ce, "Inna, ƙanshin abinci ne ke jawo dubbu. In kika sake zuba musu, wallahi halas, shi ke nan, ba zan ƙara kawo ki ba."

Ta ce, "To, ɗan nan, na ji."

Cikin dokokinsa masu tarin yawa wannan ce kaɗai mai kai, amma ya riga ya cika mana kunne, har ta gaskiyar ma ba mai saurara.

Bayan azahar muka ci kabsa, shinkafa da kaza. Inna ta riƙe faranti a cinya ta ce ba ta gama ba. Ashe duk lokacin da muka kau da kai, sai ta damƙi shinkafa ta wurga bayan kujerarta. Biran hanyar nan kuwa sun saba da masu jefa musu burodi daga mota, ba su da kunya ko kaɗan. Ƙanana suka fara saukowa, muna dariya. Sai ga wani ƙaton gwaggon biri, gashi har kafaɗa, ya yi hamma ya nuna mana haƙora, dariya ta ɗauke.

Yaya ya kwarma ihu, "Kowa ya kwanta! Ku yi kamar kun mutu!" Ya zube rub da ciki, ya ɗora hannu biyu a ƙeya. Matarsa ta tattara yara ta faɗa mota. Ni kuwa takaici ya hana ni jin tsoro. Matar da a zaune take sallah, ita za ta kwanta a ƙasa? Na suri murfin tukunya da ludayi ina bugawa ina ihu. Kafin na isa, ƙaton ya kama farantin. Inna ta riƙe gam, tana masa faɗa kamar jikanta: "Kai, saki! Ka bari ƙanana su samu!" Ya fizge, farcensa ya tsaga mata bayan hannu, ya haye dutse abinsa.

A hanyar asibiti, ina danne da hannunta da gefen mayafina, Yaya yana tuƙi da ƙasa har a gemu, yana bayanin cewa da kowa ya kwanta da haka ba ta faru ba.

Na ce, "Yaya, biri ne fa. Biri!"

Ya ce, "Dabba dabba ce."

Aka yi ɗinki, aka yi allurai, hannu ya warke. Rantsuwar ce ta ƙi warkewa. Na roƙe shi, na yi faɗa, na ce ya yi kaffara ya ciyar da miskinai, ni zan dafa shinkafar. Ya ce shi ba zai iya sake ganin jinin Inna ba. Na san har zuciyarsa ya faɗa, kuma hakan bai rage mini haushinsa ba. Sau ɗaya na samo wata motar, Inna ta ƙi shiga, ta ce ba za ta tsallake maganar ɗanta ba.

Har yau in sanyi ya shigo sukan fita, ni na daina binsu. Muna zama da ita a bakin taga, tana marmasa wa tattabaru ragowar shinkafa. In yara suka dawo da yamma, takan tambaye su ko ciyawa ta fito. Su amsa mata da Larabci, suna sauri. Sai ta rage murya yadda Yaya ba zai ji ba, ta ce, "Ƙananan biran nan fa, akwai mai ba su?"