Yoyon da Ya Gagari Tsumma

A tashar jiragen ruwa babu wanda bai san Tsumma ba. Bakaniken inji ne, sunan kuma ya samo shi daga tsumman da ba ya sauka daga kafaɗarsa. Ɗigon baƙin mai ya fi zagi ɓata masa rai. In aka kawo masa inji mai yoyo, ba ya taɓa sufana tukuna. Sai ya wanke shi tas, ya barbaɗe shi da hodar jarirai har ya yi fari fat, sannan ya tayar da shi ya tsuguna yana jira. Duk inda mai ya tsattsafo, hoda za ta tona masa asiri. Matarsa ta gaji da ɓoye hodar 'yarsu, ta koma sayen biyu.

Inji ɗaya ne ya gagare shi, na surukinsa. Tsohon ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen ƙetarar da mutane kogi, babban ɗansa kuma ya riga ya yanke hukunci: in yoyon nan bai tsaya ba, za a sayar da jirgin, Baba ya zauna gida ya huta. Baba kuwa ya fi tsoron hutun nan a kan nutsewa.

Tsumma ya sake gaskit, yoyo ya koma sil na baya, robar da ke tare mai. Ya sake sil, yoyo ya ɓulla ta gindin filta. Haka ya yi ta ƙaura kamar ɗan haya marar haƙuri. Hoda ta ƙare a gida, jaririya ta yi ƙuraje, uwarta ta daina yi wa Tsumma magana.

Wata safiya ya yi sammako, sai ya hango Baba a durƙushe gaban inji da galan. Bai ko kalli ƙarfen awon mai ba. Ya cusa yatsa a bakin injin, ya yi ta tuttulawa har mai ya taɓo yatsan, ya rufe yana murmushi. Ashe injin ba ciwo yake ba, ƙoshi ne ya yi masa yawa, yana amayarwa ta duk ƙofar da ya samu.

To, da wane baki mutum zai ce wa wanda ya ba shi 'ya bai iya zuba mai ba? Tsumma ya nemo siririn tiyo. Kullum Baba ya tafi shan shayi, sai ya lallaɓa ya zuƙe rarar, ya mayar cikin galan. Washegari Baba ya ji yatsa a bushe, ya sake tuttulawa. Ba a jima ba tsohon ya fara shela a tasha cewa injinsa na shan mai kamar raƙumi, amma galan ɗinsa ba ya ƙarewa. Har wani mai jirgi ya zo da kwalba a ɗan tsiyaya masa don albarka.

Da Tsumma ya gaji da ɗanɗanon baƙin mai a bakinsa, sai ya yi ta maza. Ya zaro ƙarfen awo, ya goge, ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, ina ganin waɗanda suka ƙera injin sun yi wani ɗan layi a nan, iyakar inda mai zai tsaya."

Baba ya miƙo hannu ya kama iska. Ya sake lalube, ya kama ƙarfen ta gindi, ya kai shi dab da hanci.

"Na gan shi," in ji shi. "Layi mai kyau."

Tausayi ya kama Tsumma. Mutumin da ke ɗaukar rayuka a kan ruwa ba ya ganin abin da ke gaban hancinsa, da ƙarar ruwa da sabo yake tuƙi.

Ranar kuma babban ɗan ya iso tasha da mai saye a bayansa.

Ya dubi Tsumma ya ce, "Kai, gaya mini gaskiya. Injin nan ya mutu ko?"

"Lafiyarsa ƙalau, Yaya. Ni ne nake ɗaura sil a karkace."

Masu jirage suka kwashe da dariya.

"Sai dai in riƙa bin jirgin kullum," in ji Tsumma, "hannuna a kan sitiyari, in ji yadda injin ke kaɗawa. Ta nan zan gano kuskurena."

Mai saye ya yi tsaki ya tafi. Rabin masu kawo wa Tsumma gyara ma suka koma wajen wani, abin ya yi masa zafi ƙwarai.

Yanzu kullum yana baya riƙe da sitiyari, Baba na gaba yana ba da umarni, Tsumma na amsa "To, Baba" yana bin inda ya dace. Rannan da fasinjoji suka sauka, tsohon ya lalubo kafaɗarsa ya dafa.

"Yaro, injin nan fa."

"Na'am, Baba."

"Kada ka yi gaggawar gano ciwonsa."